Daga Gora zuwa Kabon: Tarihin Sandar Kamun Bass a Amurka

A cikin kifayen koguna da tafkunan Amurka babu wanda masu fatsa suka fi bi kamar bass, kuma ba don girmansa ba ne, domin yawancin waɗanda ake kamawa ba su wuce kilo ɗaya zuwa biyu ba. Ƙirarsa ta ƙaramin giwan ruwa ce, ga faffaɗan baki, ga ƙayoyi a gadon baya, sai dai shi jikinsa kore-kore ne. Iri biyu suka fi suna. Mai babban baki ya fi son ruwa mai ɗumi da ciyawa, mai ƙaramin baki kuma ya fi son ruwa mai sanyi da duwatsu. Dukansu mafarauta ne masu kwanton ɓauna a gindin ciyawa ko ƙarƙashin kututturen da ya nutse, kuma sukan kai wa abin da ya gifta hari ko da ba sa jin yunwa. Wannan hali ne ya sa aka daɗe ana kama shi da yaudara. Duk lokacin da aka ƙirƙiro sabon abin yaudara, ko ruwan da yake zaune ya sake, sai an sake wa sandar fatsa tsawo da tauri da abin da ake ƙera ta da shi.

A shekarun 1770 wani masanin tsirrai mai suna William Bartram ya ratsa Florida, ya rubuta yadda ya ga ana kama wannan kifi. Mutum biyu ne a cikin kwale-kwale, na baya yana tuƙi a hankali, na gaba yana riƙe da doguwar sanda mai gajeren zare. A bakin zaren akwai ƙugiya uku da aka ɗaure baya da baya, aka lulluɓe su da farin gashin barewa da jan ƙyalle. Sai ya riƙa lilo da abin a saman ruwa, kusa da ciyawa, har kifi ya yi tsalle ya cafke. Babu jifa a wannan salo. Tsawon sandar ne kawai ke kai ƙugiya inda kifi yake.

Jifa ta samo asali ne daga shagunan masu gyaran agogo na jihar Kentucky. A farkon ƙarni na 19, George Snyder, maƙerin azurfa kuma mai gyaran agogo a garin Paris na jihar, ya ƙera wa kansa da abokansa kwarkwaron naɗe zare mai giya a ciki, wanda idan aka murza hannunsa sau ɗaya zai juya sau da yawa. Saboda an goge ƙarafansa da hannun da ya saba da cikin agogo, yana juyawa ba tare da cijewa ba, har nauyin ɗan ƙaramin kifi mai rai da aka maƙala a ƙugiya ya isa ya ja zare ya yi nisa. 'Yan'uwan nan biyu, Jonathan da Benjamin Meek, da abokin aikinsu B. C. Milam, su suka mayar da abin sana'a a garin Frankfort. Kwarkwaron Kentucky yana da tsada, kuma yana buƙatar gwanin babban yatsa, don in ba a danne zaren a daidai lokacin da ƙugiya ta faɗa ruwa ba sai ya cukuikuye.

Shi kansa kifin jirgin ƙasa ne ya yaɗa shi. A farkon shekarun 1850 William Shriver ya zuba 'yan bass masu ƙaramin baki a bokiti mai huji-huji, ya rataye shi a cikin tankin ruwan kan jirgi daga Wheeling zuwa Cumberland, inda suka bazu a kogin Potomac. Haka aka yi ta ɗaukar su zuwa tafkunan gabas da na yamma. A daidai wannan zamanin kuma sare dazuzzuka da masana'antu suna ɓata ƙoramun da kifin trout ke rayuwa, wanda shi ne kifin manya da masu hannu da shuni. Wani likita mai suna James Henshall ya hango inda aka dosa. A littafinsa na 1881, Book of the Black Bass, ya kafa hujja cewa wannan kifin da ake rainawa shi ne zai gaji trout a Amurka. Bai tsaya ga wasa kifin ba, sai da ya tsara masa sanda: ƙafa 8 da inci 3, nauyinta kusan oza 8, gindinta na itace mai ƙarfi, kanta na itace mai lanƙwasa. A lokacin masu kamun bass na yawo da sanduna masu ƙafa 12 ko fiye, saboda haka ta Henshall gajeriya ce ƙwarai a idonsu. Dalilinsa shi ne ɗan kifi mai rai ba ya jure fizga, sai a lula shi daga gefe a hankali, kuma wannan tsawon ne ya fi dacewa da hakan.

Itacen sandunan wancan zamani daga nesa ake kawo shi. Akwai wani mai nauyi da ba ya jin ruwa daga Guyana, akwai wani daga tsibiran Karebiyan. Amma gora ce ta ƙwace kasuwar. A shekarun 1840 Samuel Phillippe, maƙerin bindiga a garin Easton na Pennsylvania, ya fara tsaga gora yana fere tsage-tsagen yana manne su su zama sanda guda. Hikimar ita ce ƙarfin gora a bayanta yake, inda jijiyoyinta suka fi cunkushewa, cikinta kuwa fanko ne. Idan aka fere tsage shida, kowanne mai kusurwa uku yana sirancewa zuwa kai, aka haɗa su da bayan goran a waje, sai a sami sanda mai gefe shida, marar rami, wadda ta fi itace sauƙin ɗauka da saurin miƙewa.

Wahalar tana wajen daidaita tsage-tsagen, domin a can kan sanda kaurin kowanne bai kai na tsinken ashana ba. Hiram Leonard, wani maƙerin bindiga kuma mafarauci a garin Bangor na jihar Maine, ya shiga sana'ar a farkon shekarun 1870, ya ƙera injin da ke fere su daidai wa daida. Ana cewa a ɗaki kulle yake ajiye injin don kada ma'aikatansa su kwaikwaya. A 1881 ya mayar da masana'antar Central Valley a jihar New York, kuma almajiransa da suka balle daga baya, irin su Edward Payne da Fred Thomas da Eustis Edwards, su ne suka zama manyan sana'ar. Da farko daga Indiya ake kawo goran, daga baya aka koma ga wadda ake kira Tonkin, mai tsirowa a tuddan kogin Sui a kudancin Sin, saboda kaurin jijiyoyinta da nisan da ke tsakanin gaɓoɓinta. Don kamun trout aka fi yin waɗannan sanduna, amma ba a daɗe ba masu bass suka karɓe su.

Ƙarfe ma ya taɓa shiga. A 1887 Everett Horton na garin Bristol a Connecticut ya yi rajistar sandar ƙarfe mai shigewa cikin juna, kuma ana ba da labarin cewa ya ƙirƙiro ta ne don ya ɓoye ta a ƙafar wando ya tafi kogi ranar Lahadi ba tare da mutanen coci sun gani ba. Tana da araha, tana da nauyi, kuma ta shiga gidaje masu yawa.

Sai aka zo zamanin kifin katako. James Heddon mai kiwon zuma ne a garin Dowagiac na jihar Michigan. Labarin da kamfaninsa ya yaɗa shi ne wata rana yana zaune a bakin tafki yana feƙe itace, ya jefa guntun a ruwa, sai bass ya kai masa cafka. A 1902 ya fara sayar da kifayen katako masu fenti da ƙugiyoyi. Kifin katako ya fi mai rai nauyi, kuma ba ya mutuwa don an fizge shi, saboda haka ana iya wurga shi ta saman kai da ƙarfin wuyan hannu, a sa shi daidai ramin da ke tsakanin ganyen bado. Sandar Henshall ta yi wa wannan aiki tsawo da laushi. Masu fatsa na Chicago da Kalamazoo suka rage ta zuwa ƙafa 5 ko 6, wasu ma ƙasa da haka. A Kalamazoo ɗin ne William Shakespeare ƙarami ya fito da kwarkwaro mai jera zare da kansa a ƙarshen shekarun 1890, wanda ya rage wa sabon shiga wahalar cukuikuyewa.

A wannan zamanin aka kama kifin da har yau ake auna kowane bass da shi. Ranar 2 ga Yuni, 1932, ana tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya durƙusar da Amurka, ruwan sama ya hana George Perry, manomi ɗan shekara 20 a jihar Georgia, shiga gona. Shi da abokinsa suka tafi tafkin Montgomery, wani tsohon gurbin kogin Ocmulgee, don neman abin miya. Da kifin katako na kamfanin Creek Chub ya ja wani bass mai babban baki da aka ɗora a sikelin gidan waya na garin Helena ya ba da laba 22 da oza 4, wato kilo 10 da 'yan kai. Mujallar Field & Stream ta ba shi kyautar kaya na dala 75. Kifin kuwa an soya, iyalin gidan suka cinye.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa suka taru suka kife sana'ar gora. A 1950 Amurka ta haramta ciniki da Sin, goran Tonkin ta daina zuwa sai abin da 'yan kasuwa suka riga suka tara. Faɗuwa ta zo daidai da zama ga masu zaren gilashi. Tun 1944 wani masanin sinadarai, Arthur Howald, ya karya kan sandarsa ta gora, ya gyara ta da zaren gilashi da danƙon roba, kuma a 1947 kamfanin Shakespeare ya fitar da sandar Wonderod a kan wannan dabara. Ba ta ruɓewa, ba ta buƙatar shanya, kuma inji ne ke fitar da ita da yawa. Zaren nailan ya maye gurbin na siliki. A 1949 wani kamfani a garin Tulsa da ke ƙera bama-baman fasa rijiyoyin mai ya fara ƙera kwarkwaron R. D. Hull, shi ma mai gyaran agogo, wanda ba ya cukuikuyewa. Kamfanin ne ya zama Zebco, kuma da kayansa yara da yawa suka koyi jifa.

Ruwan ma ya sake. Tun daga 1933 hukumar kwarin Tennessee da rundunar injiniyoyin soja suka yi ta datse kogunan kudu don wutar lantarki da maganin ambaliya. Manyan tafkuna suka haɗiye dazuzzuka da gonaki da tsofaffin hanyoyi, kuma bass mai babban baki ya sami gidan da bai taɓa samu ba a cikin bishiyoyin da suka nutse. Kifin katako mai ƙugiyoyi a fili maƙalewa yake yi a irin wannan wuri. Maganin ya fito daga ɗakin girkin Nick Creme, wani ma'aikacin injin a garin Akron na Ohio, wanda a 1949 ya dafa roba mai laushi ya zuba ta a siffar tana. Masu fatsa na Texas suka gano yadda za a soke tsinin ƙugiya ya koma cikin jikin tanar robar, a sa ɗan darma mai tsini a gabanta, sai ta ratsa rassa ba tare da ta kama komai ba. Tanar ta yi kasuwa a can har Creme ya kai masana'antarsa garin Tyler. Amma wannan salo yana neman abu biyu daga sanda: ta sanar da hannu ɗan taɓin da kifi ya yi a zurfin ƙafa 20, sannan ta yi taurin da fizga ɗaya za ta huda robar ta shige muƙamuƙin kifi. Sanduna suka ƙara tauri.

Wanda ya mayar da duk wannan gasa shi ne Ray Scott, dillalin inshora daga Montgomery ta Alabama. A Yunin 1967 ya tara masu fatsa 106 a tafkin Beaver na Arkansas, kowa ya biya dala 100, Stan Honeycutt ya lashe dala 2,000. A 1968 ya kafa ƙungiyar B.A.S.S., a 1971 aka yi gasar Bassmaster Classic ta farko a tafkin Mead, inda Bobby Murray ya tafi da dala 10,000. Mutanen garuruwan da ake gasar ba su ji daɗin ganin tulin matattun kifaye a wurin awo ba. Daga 1972 Scott ya kawo tsarin ajiye kifi da rai a tankin cikin jirgi, a auna shi, a mayar da shi ruwa, al'adar da ta zama ruwan dare a tsakanin masu bass na Amurka.

Gasa ce kuma ta dawo da doguwar sanda. Dee Thomas ya saba kamun kifi a fadamun California da sanda mai ƙafa 12, yana tsoma ƙugiya cikin ramukan ciyawa, kusan irin abin da Bartram ya gani. Abokan hamayya suka yi ƙorafi, sai ya rage ta zuwa ƙafa 7 da rabi, ya koyi jan zare da hannun hagu yana lilo da ƙugiyar ta faɗa ruwa ba ƙara. Da wannan salo ya ci gasa a tafkin Bull Shoals a 1975, kamfanin Fenwick ya ƙera sandar don kasuwa, ƙungiyar B.A.S.S. kuma ta iyakance tsawon sanda a ƙafa 8, dokar da ba ta sassauta ba sai 2017 da ta mayar da shi ƙafa 10. Abin da ya sa hannu ya iya yini da irin wannan sanda shi ne zaren kabon, wanda Fenwick ɗin ya fara sayar da sandunansa a 1973. Ya fi gilashi sauƙi da tauri, kuma yana kai kowane motsi tafin hannu. Duk da haka gilashi bai mutu ba. Rick Clunn, wanda ya ci Classic sau huɗu, yana cikin waɗanda suka riƙe shi don kifin roba mai nutso, saboda laushinsa na ba kifi damar haɗiyewa kuma ba ya yage ƙananan ƙugiyoyi daga bakinsa.

Mai haɗa sanda da hannu bai ɓace ba a cikin wannan sauyi, aikinsa ne ya sake. Leonard da almajiransa su ke ƙera jikin sandar tun daga gora. Na yau yana sayen jikin ne tsirara daga masana'anta, inda aka yanka ƙyallen kabon mai danƙo, aka naɗe shi a kan siririn ƙarfe, aka gasa, aka zare ƙarfen. Littattafan Dale Clemens na shekarun 1970 ne suka koya wa dubban mutane sauran aikin a garejin gidajensu. Da farko yakan lanƙwasa jikin yana mirgina shi a tafin hannu don ya gano gefen da ya fi tauri, wanda naɗin ƙyallen ya haifar, ko da yake masu sana'ar har yau suna gardama a kan muhimmancin wannan. Sai mariƙi, wanda ake yi da zobban ɓawon wata bishiya da aka fi samu a Fotugal. A manne su, a ɗora a injin juyi, a goge su daidai tafin hannun mai sandar.

Inda gwaninta ta fi fitowa shi ne jera zobban da zare ke bi. Yakan liƙa su na wucin gadi, ya zura zare, ya ɗaura masa nauyi har sandar ta lanƙwashe, sannan ya duba ko zaren na bin lanƙwasar ko yana gogar jikin sandar. Zobe ya yi yawa, sanda ta yi nauyi a kai ta rasa ji. Ya yi kaɗan, nauyin kifi ya taru a wuri ɗaya ta karye. Wasu kan jera zobban su zagaya daga saman sanda zuwa ƙasanta, don kada ta murɗe a hannu idan babban kifi ya ja, tsarin da ba kasafai ake ganin sa a kanti ba saboda mai saye yakan ɗauka kuskure ne. Idan wuri ya zauna, sai a naɗe ƙafar kowane zobe da zaren nailan, layi kusa da layi, a shafe shi da danƙo mai haɗi biyu, a bar sandar tana juyawa a kan ƙaramin inji na sa'o'i don kada danƙon ya taru a gefe ɗaya. Mai so a yi masa ado da zare kala-kala ko a rubuta sunansa, a nan ake yi. Masu gora ma sun farfaɗo bayan an buɗe ciniki da Sin a farkon shekarun 1970, musamman da littafin Everett Garrison da Hoagy Carmichael ya fito a 1977 ya tona awon da a da ake ɓoyewa.

Wanda ya duba kayan da ke kan teburin mai haɗa sanda a Alabama ko Texas a yau zai ga da yawa daga cikinsu sun bi ta Japan. Zobba masu cikin tangaran na kamfanin Fuji ne na Shizuoka, waɗanda Lew Childre ya yaɗa a Amurka a farkon shekarun 1970. Kamfanin Toray ya fara sayar da zaren kabon a 1971, kuma sandar fatsa na cikin abubuwan farko da aka yi da shi. Kamfanin sanduna na G. Loomis, da Gary Loomis ya kafa a jihar Washington a 1982, Shimano na Japan ya saye shi a 1997. Kifin ma ya isa Japan tun 1925, lokacin da ɗan kasuwa Akaboshi Tetsuma ya zuba shi a tafkin Ashi. A ranar 2 ga Yuli, 2009, Manabu Kurita ya kama mai kilo 10.12 a tafkin Biwa, da ɗan kifi mai rai a ƙugiya. Ya ɗara na Perry da abin da bai kai oza ɗaya ba, kuma da yake dokar ƙungiyar IGFA mai rajistar irin wannan bajinta na neman ratar oza 2, sai aka ce sun yi kunnen doki. Sai dai a Japan hukuma ba ta kallon bass da idon Amurkawa, domin ya cinye ƙananan kifayen gida da masuntan Biwa ke rayuwa a kansu. Lardin Shiga, inda Biwa yake, ya hana mayar da shi tafkin tun 2003, dokar ƙasa ta 2005 ta sa shi cikin baƙin halittu masu ɓarna, kuma a bakin tafkin an ajiye akwatuna inda ake so mai fatsa ya zuba abin da ya kama kafin ya tafi gida.